Sharhi: Wasa 80 Babu Nasara, Wa Ya Kayar da Prairie View?

Yau za mu tsallaka teku mu leƙa jihar Texas ta ƙasar Amurka, inda wata ƙungiyar ƙwallo ta ɗaliban jami'a ta kafa tarihin da babu mai fatan ya gada. Sunan jami'ar Prairie View A&M. Daga watan Nuwamban 1989 zuwa Satumban 1998, ƙungiyarta ta shiga fili sau 80, aka doke ta sau 80. Babu nasara ko ɗaya, ko canjaras ba ta samu ba. Har yau, a duk jami'o'in da ke ƙarƙashin hukumar wasanni ta NCAA, babu wadda ta kamo ta a wannan jerin shan kashi. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan ƙungiya ta yi irin wannan faɗuwa, wa ya kayar da ita? Yaran da ake gani suna birgima a fili, ko kuwa manyan da ke zaune a ofis?

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita fahimta, domin wasan da ake magana ba ƙwallon ƙafa ba ne irin wanda muka saba. Ƙwallon Amurka ne, wanda ake runguma a ruga a guje, ake kuma jefawa da hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, fili kuma tsawonsa yadi 100. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. In ya cimma, a sake ba shi wasu huɗun. In ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya samu maki 6. Daga nan sai ya zaɓa: ko ya buga da ƙafa tsakanin turaku ya ƙara maki 1, ko ya sake yunƙurin kutsawa ya ƙara maki 2. Ku riƙe wannan zaɓin a zuciya, za mu buƙace shi nan gaba.

A Amurka wasan jami'o'i ba abin wasa ba ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, na Jami'ar Texas da ke birnin Austin kuma sama da 100,000, kuma sukan cika maƙil. Kakar wasan gajera ce, wasa 11 ko 12, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, galibi ranar Asabar. A zamanin da muke magana, ba a biyan ɗalibi albashi. Abin da makaranta ke jawo yaro mai hazaƙa da shi shi ne tallafin karatu: a ɗauke masa kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da abinci, da littattafai, shi kuma ya buga mata wasa. A lokacin, kaka huɗu kacal ɗalibi ke da damar bugawa, daga nan sai ya ba na baya wuri. Saboda haka duk makarantar da ba ta da tallafin bayarwa, to ta fita daga kasuwar neman 'yan wasa ke nan. A rukunin da Prairie View take, dokar lokacin ta yarda makaranta ta ba da irin wannan tallafi har sama da 60.

To wace ce Prairie View? An kafa ta a 1876, shekaru 11 bayan ƙarshen yaƙin basasar Amurka, a kan wata tsohuwar gona da bayi suka noma, arewa maso yamma da birnin Houston. Ta fara karatu a 1878 da ɗalibai takwas. An gina ta ne domin baƙaƙen fata, saboda dokokin wariya na kudancin ƙasar sun haramta musu shiga jami'o'in fararen fata. A 1920 tana cikin makarantun da suka kafa gasar SWAC, wadda ta haɗa jami'o'in baƙaƙen fata na wannan yanki, kuma a yau ita kaɗai ce ta rage a gasar cikin waɗanda suka kafa ta.

Wanda ya san ta a shekarun 1990 kawai zai ɗauka haka aka halicce ta. A'a. Akwai lokacin da jin sunanta ke sa gwiwar abokan hamayya ta yi sanyi. A ƙarƙashin koci Billy Nicks, an amince da ita a matsayin zakarar jami'o'in baƙaƙen fata na duk ƙasar har sau biyar: 1953, 1954, 1958, 1963 da 1964. Daga nan Otis Taylor ya fito, wanda ya ci wa ƙungiyar ƙwararru ta Kansas City Chiefs maki a wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Janairun 1970. Daga nan Ken Houston ya fito, ɗaya daga cikin fitattun masu tsaron baya da aka taɓa yi, wanda aka shigar da sunansa zauren gwarzayen wasan a 1986. Sirrin bai ɓuya ba. Yaro baƙar fata ɗan Texas, komai gudunsa, komai ƙarfinsa, manyan jami'o'in jihar ba sa ɗaukarsa. Ƙofofin da ke buɗe gare shi kaɗan ne, kuma Prairie View tana daga cikin mafi girma.

Sai zamani ya juya, kuma ya juya ne ta hanyar alheri. A 1954 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A 1964 aka sa hannu kan dokar 'yancin jama'a, shekarar da Prairie View ta ci kofinta na ƙarshe na wancan zamani. A 1966 Jerry LeVias ya fara buga wa Jami'ar SMU ta Dallas wasa, shi ne baƙar fata na farko da ya samu tallafin ƙwallo a gasar manyan jami'o'in yankin. Jami'ar Texas ta ci kofin ƙasa a 1969 da 'yan wasa fararen fata zalla, ita ce ta ƙarshe da ta yi haka, kuma a 1970 Julius Whittier, ɗan wasa baƙar fata, ya fara buga mata. Cikin 'yan shekaru, masu kuɗi da manyan filaye da kyamarorin talabijin suka fara ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen da a da ba sa ko kallo.

Babu mai hankalin da zai yi kukan rasuwar wariya. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: an buɗe ƙofa yara suka fita, ba a buɗe baitulmali kuɗi ya shiga ba. Makarantun da aka daɗe ana ba su ragowar kasafi aka ce su yi gogayya da waɗanda aka daɗe ana fifitawa. Ba za ka ga laifin yaron da ya zaɓi filin mutum dubu saba'in ba. Sai dai wannan bai isa ya bayyana komai ba, domin sauran jami'o'in baƙaƙen fata irin su Grambling da Jackson State da Southern duk iska ɗaya ta kaɗa su, amma sun ci gaba da cin wasa. Ita kuwa Prairie View, bayan kakar 1976 ba ta sake ganin shekarar da nasarorinta suka fi faɗuwarta yawa ba sai bayan shekaru 31. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ya lalace a cikin gida.

Ranar 28 ga Oktoban 1989, Prairie View ta doke Mississippi Valley State da maki 21 da 12. Babu wanda ya san cewa wannan ce nasarar ƙarshe har kusan shekaru tara. Makon da ya biyo baya Jami'ar Langston ta jihar Oklahoma ta doke ta, aka kuma sake doke ta a wasan rufe kaka. A 1990 sai asiri ya tonu. Asusun sashen wasanni ya shiga mawuyacin hali, aka gano kuɗi sun yi ɓatan dabo, har aka gurfanar da kocin wancan lokaci kan takardun kashe kuɗi na bogi. Shugaban jami'ar, Janar Julius Becton mai ritaya, wanda shi kansa tsohon ɗalibinta ne, ya dakatar da ƙwallo da akasarin sauran wasanni. A kakar 1990 ƙungiyar ba ta buga ko wasa ɗaya ba.

A ganina wannan mataki yana da hujja. Shugaban da ya tarar da rami a asusu, wajibinsa ne ya tsayar da zubar. Matakin da ya biyo baya shi ne abin tambaya. A 1991 aka dawo da ƙungiyar, aka mayar da ita cikin gasar SWAC ɗin da ta baro, amma ba tare da tallafin karatu ko guda ɗaya ba. Ku saurara da kyau, masu sauraro: ko guda. Wanda zai buga mata, shi zai nemo kuɗin makarantarsa, ko ta bashi, ko ta aljihun iyaye, ko ta wani aikin gefe, sannan ya zo atisaye da yamma. Aka tara waɗanda suka amsa kira daga cikin ɗalibai, aka ba su riguna masu launin shunayya da ruwan zinare, aka ce su je su kara da waɗanda aka zaɓo ɗaya bayan ɗaya daga makarantun sakandaren jihohi da dama. Tamkar ka tura mutum gona ba fartanya ba taki, sannan da kaka ka zo kana auna buhunansa da na mai tarakta.

Ga abin da kakar 1991 ta haifar. Wasa 11, faɗuwa 11. Duk tsawon kakar maki 48 ƙungiyar ta ci, aka zura mata 617. Idan ka raba, kowace Asabar ana ɗora mata kimanin maki 56, ita kuma tana tsira da huɗu da 'yan kai. Ranar da ta haɗu da Alabama State, an tashi 92 da nema. Bari mu fassara wannan lissafi yadda kunne zai ɗauka. Maki 92 kwatankwacin a kai ƙwallo gidanka sau 13 ke nan cikin mintoci 60 na wasa, wato kusan kowane minti huɗu da rabi. Maki 48 kuwa bai wuce kai ƙwallo sau bakwai ba, a wasanni 11. Abin da aka yi musu a yini ɗaya ya kusa ninka abin da suka yi a kaka guda. Kuma kamar abin bai isa ba, a wannan shekarar karatu ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta jami'ar ta buga wasa 28, ta faɗi 28.

Lissafi ba ya jin zafi, don haka bari mu sauka cikin fili. A wannan wasa, kowane yunƙuri yana farawa ne da layi biyu na ƙattai, sun duƙa suna fuskantar juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tsawon ƙwallon ba. Da an miƙa ƙwallo sai su gwabza, kwano da kwano, ƙirji da ƙirji. Haka za a yi ta yi, sau 60 ko 70 ga kowane ɓangare. Ƙungiya mai wadata tana da mutum biyu ko uku a kowane gurbi. Wanda ya gaji ya fita ya sha ruwa, sabo ya shigo. Ƙungiyar da ba ta da zurfin benci, yaron da aka fara tunkuɗewa a minti na farko shi za a ci gaba da tunkuɗewa a minti na 55, ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya ɗauke, ga wanda ke gabansa ya fi shi da kilo 20 kuma yanzu ya taso daga hutu. A ƙwallon ƙafa ƙaramar ƙungiya tana iya tarewa a baya ta roƙi Allah a tashi ba ci. A nan babu wurin ɓuya. Dole ka duƙa a layi, dole a yi karo.

Su wa suke karawa da su? A Alcorn State akwai Steve McNair, wanda ya buga daga 1991 zuwa 1994, ya zo na uku a zaɓen gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka a shekararsa ta ƙarshe, ƙungiyar Houston Oilers kuma ta ɗauke shi a matsayin mutum na uku a zaɓen ƙwararru na 1995. A Texas Southern, babbar abokiyar hamayyarsu, akwai Michael Strahan, wanda daga baya ya yi suna a New York Giants. A Grambling kuwa ga tsohon koci Eddie Robinson tsaye a bakin fili, mutumin da ya fara horarwa tun 1941 ya kuma yi ritaya a 1997 da nasarori 408. Waɗannan ne aka ce yaran da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu su tare.

Mai sauraro zai ce, to me ya hana ta faɗa ƙaramin rukuni ta huta? Mu da muka saba da gasar Firimiya mun san cewa wanda ya ƙare a ƙasan teburi yakan gangara, ya haɗu da sa'o'insa, ya farfaɗo. A wasan jami'o'in Amurka babu wannan tsari. Ko ka faɗi duk wasanninka, badi da waɗannan mutanen dai za ka sake haɗuwa, sai fa in hukumar makaranta ce da kanta ta yanke shawarar sauya rukuni. Prairie View ba ta sauya ba. Ana iya fahimtar dalili: gasar da ka kafa da hannunka, da tsofaffin abokan hamayya, da manyan wasannin da ke kawo kuɗin ƙofa irin wanda take yi da Grambling a birnin Dallas lokacin baje kolin jihar, ba abu ne mai sauƙin bari ba. Amma wanda ya zaɓi ya zauna a babban rukuni, wajibinsa ne ya biya kuɗin zaman. Hukuma ta riƙe martabar, ta bar wa yara ciwon jiki.

Kuma faɗuwa tana haifar faɗuwa. Koci zai je gidan yaro mai hazaƙa, ya zauna da iyayensa. Me zai ce musu? Ba shi da tallafin bayarwa, kuma sunan makarantarsa ya zama abin barkwanci a talabijin. Yaron zai tafi wani wuri, badi ya dawo cikin rigar abokan hamayya. Waɗanda suka rage kuma, al'adar wasan ita ce bayan kowace Asabar a taru a ɗaki, a kashe fitila, a kunna faifan wasan, koci yana tsayarwa yana mayarwa baya, yana nuna wa kowa inda aka wuce shi a gaban abokansa. Daga nan a koma aji, a zauna da ɗaliban da suka san sakamakon. Da yamma a sake ɗaura sulke cikin zafin Texas. Ɗalibin da ya shigo a 1991 ya kammala kakarsa ta huɗu a 1994 bai taɓa sanin yadda ake komawa ɗaki da nasara ba. Duk da haka kowace shekara ana samun masu zuwa su sa rigar, ba don kuɗi ba, tunda babu.

An gwada maganin da kowa ke fara gwadawa, wato sauya koci. Ronald Beard ya riƙe ƙungiyar daga 1991 zuwa 1994, wasa 44, faɗuwa 44. Aka kawo wani, aka sake yin kaka biyu, 1995 da 1996, babu abin da ya sauya. A 1997 aka ɗauko Greg Johnson, shi ma kakarsa ta farko wasa tara, faɗuwa tara. Mutum uku daban-daban, dabaru daban-daban, sakamako ɗaya. Idan ka sauya direba sau uku mota ba ta tashi ba, hankali ya ce a buɗe inji.

Ba ita kaɗai ta taɓa shiga irin wannan hali ba. Jami'ar Northwestern ta faɗi wasa 34 a jere daga 1979 zuwa 1982, kuma bayan kakar 1995 sai ga ta a babban wasan Rose Bowl. Jami'ar Columbia ta birnin New York ta faɗi 44 a jere daga 1983 zuwa 1988, kafin ta doke Princeton da maki 16 da 13. Kwalejin Macalester ta jihar Minnesota ta kai 50. Prairie View ta wuce Columbia a 1994, ta wuce Macalester a 1995. Amma akwai bambanci. Columbia ma ba ta ba da tallafin wasanni, sai dai haka dokar gasarta take ga kowa, kowa hannu ɗaya. Kuma Columbia mai arziki ce, sunanta ya riga ya kafu a duniyar ilimi. Faɗuwar ƙwallo abin raha ne a wurinta. Prairie View kuwa, makarantar da ta daɗe tana yaye injiniyoyi da ma'aikatan jinya da malamai da hafsoshin soja baƙaƙen fata, yawancin Amurkawa ba su taɓa jin sunanta ba sai ta dalilin wannan lissafi. Ƙwallon da aka dawo da shi don ya ɗaga sunan makaranta, shi ya riƙa jan sunan a ƙasa kowace Asabar.

Sannu a hankali aka fara gyara abin da ya kamata a gyara tun farko. Aka samar da tallafin karatu, ko da yake kaɗan ne idan aka kwatanta da na sauran. Kakar 1998 ta fara da faɗuwa uku, lissafi ya cika 80. Sai ranar 26 ga Satumba, a birnin Oklahoma City, aka haɗu da Langston, makarantar da jerin faɗuwar ya fara a hannunta, kuma makarantar da koci Greg Johnson ya baro kafin ya zo Prairie View.

Wasa ya zo ƙarshe Prairie View tana gaba da maki 14 da 6. Saura ƙasa da minti ɗaya, Langston ta kai ƙwallo gida, allo ya nuna 14 da 12. Kun tuna zaɓin da na ce ku riƙe? Buga maki 1 ba zai amfane ta ba, dole ta nemi 2 don ta farke. Aka ajiye ƙwallo yadi uku daga layi. Yadi uku, jama'a, taku uku na babban mutum. A gefe guda ga yara 11 da ba su taɓa cin wasa a wannan riga ba, kuma duk wanda ya san tarihinsu ya san yadda irin wannan labari ya saba ƙarewa. Aka miƙa ƙwallo, Langston ta kutsa, suka tare ta kafin layi. Aka tashi 14 da 12. Wanda ya kasance ɗan aji ɗaya a jami'ar ranar nasarar 1989, a wannan dare ya riga ya yi shekaru da kammala karatu.

Kada a ɗauka daga nan komai ya warware. Nasara ɗaya ta yanke jerin, ba ta warkar da ciwon ba, kuma an sake yin shekaru ana fama. Gyara na gaskiya ya zo ne lokacin da tallafi ya ƙaru, aka kuma ɗauko Henry Frazier a 2004 aka ba shi lokaci. A 2007 ƙungiyar ta ci wasa bakwai ta faɗi uku, karon farko tun 1976 da nasara ta rinjayi faɗuwa. A 2009 ta doke Alabama A&M da maki 30 da 24 ta ɗauki kofin SWAC, na farko tun 1964, shekaru 45 ke nan. A 2016 ta buɗe sabon fili mai kujeru kimanin 15,000. Garin bai sauya ba, rigar ba ta sauya ba, yaran Texas su ne dai yaran Texas. Abin da ya sauya shi ne abin da hukuma ta zuba.

Akwai masu cewa da an rufe ƙungiyar gaba ɗaya da ya fi, a zuba kuɗin a ɗakunan karatu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma akwai jami'o'in Amurka da suka bi wannan hanya ba su mutu ba. Akwai kuma masu cewa ƙwallo a irin waɗannan makarantu ya wuce wasa: shi ke tara tsofaffin ɗalibai ranar bikin dawowa gida, shi ke ba makaɗan badujalar makaranta filin nuna bajinta, shi ke sa yaro ɗan sakandare ya fara sha'awar shiga. Su ma suna da gaskiya. Duk wanda shugaba ya zaɓa cikin biyun, zai iya kare kansa. Wanda ba shi da kariya shi ne na ukun, wanda aka bi a 1991: ba a rufe ba, ba a kuma ciyar ba.

Saboda haka ga hukuncina. Kakar 1991 ba a fili aka faɗe ta ba. An faɗe ta ne a ofis, ranar da wasu suka yi wasa da asusu, da ranar da aka sa hannu kan takardar dawo da ƙungiya babu guzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka gani ranakun Asabar sanarwa ce kawai ta sakamakon da aka riga aka rubuta. Waɗanda sunansu ya shiga littafin tarihi da 92 da nema ba su ne suka rubuta kasafin ba. Su ne ma kaɗai a cikin labarin nan da suka cika alkawarinsu: an ce su zo, sun zo, sau 80.

Mu ma nan gida, masu sauraro, mun san halinmu. Ƙungiyar garinmu ta faɗi wasa uku a jere, sai a fara jifan 'yan wasa da ledar ruwa, a tare motarsu a bakin fili, a yi ta kiran a kori koci. Kafin ka ɗaga hannu, ɗan'uwa, ka yi tambaya tukuna. An biya su albashin watan jiya? A wace mota suka yi tafiyar kwana guda zuwa wasan waje, kuma me suka ci a hanya? Wa ke riƙe da asusun ƙungiyar, kuma yaushe ya taɓa yi wa jama'a bayani? Idan amsoshin ba su gamsar da kai ba, ka san ƙofar da ya kamata ka ƙwanƙwasa, kuma ba ta ɗakin sauya kayan 'yan wasa ba ce. Ga masu riƙe da ƙungiyoyi kuma, na makaranta ne ko na jiha, kira ɗaya nake yi: in za ku tura yaran mutane fili, ku tura su da abin da za su iya yin nasara da shi, in ba ku da hali, ku fito ku faɗa, kada ku bar su su ɗauki kunyarku.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau.